Ba Reza Ba Ce

Shekara talatin da ɗaya ina sunkuye a majemar Marwa,
hannu cikin ruwan bagaruwa, ƙafa cikin toka.
Fatar akuya nawa ta yi laushi a hannuna? Ban ƙirga ba.
Ni kuwa sai bushewa nake yi
kamar kirgin da aka manta a rana.

Ciwon bai yi sallama ba.
Nan ya sauka, ƙasan baya, daidai inda tazuge ke ɗaurewa,
baƙon kwana biyu da ya kafa murhu.

Garga wanzami ya kafa mini ƙaho sau bakwai,
baƙin jini ya fita, ciwo ya gyara zama.
Na sha jiƙo. Na shafa man kaɗanya.
Na haɗiyi ƙwayoyin mai tebur na Kakatare
har cikina ya yi yaji.
Salla ta koma kan kujera:
liman yana ruku'u,
ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga.

Rannan Dijatu, autata, ta ce,
"Baba, an kawo leza a Domayo."
Na ce reza?
Bayan da Garga ya gama zanawa da aska,
ina sauran wurin da reza za ta taka?
Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙyaure.

Farin ɗaki, fanka, gado mai leda.
Yaron Tizi sunansa, ɗan Gidar,
Fulatancinsa yana ɗingishi kamar ni.
Ya sa mini baƙin tabarau, shi ma ya sa,
muka zama kamar masu walda.
Na kifa ciki, na damƙe bakin gado,
na ciji leɓe ina jiran wuƙa.

Tit.
Tit.

Ba yanka. Ba ƙauri.
Ɗan ɗumi kawai,
kamar kyanwa ta zaɓi ƙuguna ta kwanta.
Dijatu ta ce jan ɗigo ne ke yawo a fatata,
bai fi ƙwayar idon zakara ba.

Minti goma, jaka biyar ta sefa.
Na ce kuɗin fata uku ke nan,
kuma ko ɗigon jini ban gani ba?
Maganin da bai sa ka kuka ba,
ta ina zai san hanyar ciwo?

Tizi ya cire tabarau.
"Baba, ban yi maka alkawari ba.
Wani yakan ji sauƙi, wani ba ya ji.
Haske shi kaɗai ba ya ɗaukar kaya.
Kwanta rigingine, jawo gwiwa zuwa ƙirji,
safe da yamma.
Ka taka yashin Mayo Kaliyaw kafin rana ta yi ƙarfi.
Ramin jima kuma, ka bar wa masu sabon baya."

Na bar wa Sali ramin, ina hararar yadda yake murza fata.
Na yi ta jan gwiwa a kan tabarma,
jikoki suna leƙe ta labule.
Talata da Juma'a, tit, tit.

Bayan zuwa na takwas, wata asuba,
liman ya ce Allahu akbar,
ban yi shawara da kowa ba,
tafina ya sami gwiwata.
Na daɗe a nan. Har sahu ya ɗago ina nan.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya.
Baƙon yana nan, ya dai rage wuta a murhu.
Hasken ne? Yashin ne? Ko rabuwa da rami?
Garga ya ce ƙahonsa ne sai yanzu ya iso.
Ban musa masa ba.

Jiya takalmina ya zame ƙarƙashin benci.
Dijatu ta miƙe.
Na ce zauna.